Kwalba Mai Shuɗin Murfi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi.

Kin tambayi jikin Baban yara. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin ofis ya daina shiga. Likita ya ce ciwon sukari ya taɓa ƙoda. Ban buƙaci bayani ba, domin abin da nake gani ke nan kullum a ɗakin binciken da nake aiki. Mu muke sa wa ɓeraye wannan ciwo da allura don a gwada magani a kansu. Sai su yi ta shan ruwa, kejinsu ya jiƙe sharkaf. Na sha tambayar kaina me zan ce game da waɗannan bayin Allah ranar hisabi.

Yanzu kwalabe biyu ake ba ni in ɗura musu, mai shuɗin murfi da mai ja. Ɗaya sabon magani ce, ɗaya ruwa zalla. Farfesanmu kaɗai ya san wacce ce wacce, don kada son zuciya ya shiga awo. Amma ɓerayen da nake ɗura wa shuɗiyar sun yi ƙiba, sun rage fitsari. Da na ba Baban yara labari, cewa ya yi in nema masa keji kusa da taga. Ban yi dariya ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa kuna lafiya.

Tun farkon wata nake ɗiba daga shuɗiyar ina ɗiga masa a shayi. Bai sani ba. Ina istigfari, amma ban daina ba, kuma na san irin wannan ba tuba ba ce.

Jiya na tarar da ɓerayen shuɗiyar sun lafe a kusurwa, ba su taɓa abinci ba. Ashe ƙibar kumburi ce. Farfesa ya feɗe ɗaya daga cikinsu, ya daɗe yana duban ƙodar, sannan ya ce a dakatar da gwajin.

Baban yara bai yi fitsari ba tun jiya. Murna ma yake, wai ya huta da sintirin banɗaki. Na sa ya shirya, asibiti za mu. Ragowar abin da na ɗiba yana jakata, domin dole in nuna wa likita, kuma a gaban Baban yara zan faɗi abin da na yi.

Ki zo ki zauna da yara. Ki taho da kayan kwana.

Wassalam,
Ƙanwarki.