Na Gano Ka da Tattabarunka

Zuwa ga rabin raina, inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara goma sha tara, ruwan sanyin da na sha har na ƙware, baban Auta.

Kada ka yi ta juya takardar nan kana neman tambarin gidan waya. Da hannuna na turo ta ƙarƙashin ƙofarka, koriyar ƙofar nan mai sabon kwaɗo. Rubutun ma nawa ne, mai karkacewa kamar sawun kaza, wanda ka yi wa dariya lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a goshina. Ka ce tsohuwa da fensir sai ka ce akuya da madubi. To ga akuyar ta rubuto maka, masoyina.

Wata huɗu ke nan da ka kwashe kayan awonka da tattabarunka da 'yata, ka bar mini saƙo wurin maƙwabciya wai ka tsallaka ƙasar waje. Na san abin da ya kore ka. Dutsen iyakar gonar marayun nan da ka matsar ne, ga kawunansu suna nemanka kamar ruwa a jallo. Amma Auta me ta yi? Wa ke tashi in ƙirjinta ya fara kuka? Ka san likita ya hana ta zama kusa da gashin tsuntsu, ka san abin shaƙarta yana kan tagata. Kullum sai na girgiza shi in ji ko da saura, kamar tana nan.

Ka tuna lokacin da kai, babban safiyo mai awon filaye, ba ka da mai riƙe maka sandar awo sai ni? Ina tsaye cikin rana, kana leƙo ni ta na'urarka, ni kuwa ina zaton kyauna kake kallo! Wata rana a gindin tsamiya ka zana mini layi a ƙasa da tsinke. Ka ce in mutum ya san wuri biyu da tazarar da ke tsakaninsu, ya tsaya a kowanne ya hango abin da yake nema, ya auna kusurwa, ya ja layi, to inda layukan suka gamu nan abin yake, ko da kogi ya raba su. Sannan ka shafa kaina ka ce, “Biyu na nunawa, na uku na tabbatarwa. Amma ke ina za ki gane?” Wallahi ranar na so ka kamar in haɗiye ka.

Makon jiya farar tattabararka ta sauka a tsohon akurkinta, da ɗigon jan fenti a fiffike, fentin da kake shafa wa duwatsun iyaka. Tsuntsuwar da ta ƙetaro ƙasashe ba ta isowa da tsaba a maƙoshi. Kana cikin garin nan! Na kuma san halinka: ka iya barin mace, ba ka iya hana tattabaru shawagin hantsi ba.

Na ɗauko tsohon kamfas ɗinka na auna kusurwa da taswirar garin nan da ka manta a ƙarƙashin katifa. Na hau tankin ruwan asibiti, mai gadi yana ce mini, “Iya, ki sauko kada ki ja mini.” Kwana uku ina hawa kafin na hango garken tattabarunka yana kewaya rufi ɗaya, ja yana walƙiya a fikafikansu. Na rubuta lambar kusurwa. Na hau benen masaƙa, na sake. Na ja layi biyu da rular Auta, suka gamu a bayan tashar mota. Na uku daga kan gada na ɗauka, don kada ka ce ban gane ba.

Da na tsaya a ƙofarka na ji tarinta ta cikin katako, kai kuma ka kulle ta ka fita. Ya hasken idona, me zan yi da kai?

Taswirar yanzu biyu ce. Ɗaya tana cikin zanina, ɗaya tana cikin ambulan da sunan babban kawun marayu, na rubuta shi harafi-harafi, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Jibi da hantsi ka kawo mini 'yata gindin tankin asibiti, da takalmanta da rigar sanyinta. In rana ta take ban ga fuskarta ba, ambulan zai tafi, kuma ka san su ba da takarda za su zo ba.

Farar tattabarar kada ka jira ta. Na yanka ta, na ci, tana da daɗi kamar alkawuranka.

In ka sake ƙaura ma, ka ƙaura, abin ƙaunata. Akwai tudu biyu a kowane gari, kuma idona ba zai taɓa sauka daga kanka ba har ƙasa ta rufe shi.

Taka har abada,
mai riƙe maka sanda.