Landan Ɗin da Za Ki Gina a Kano

Woolwich, London

Zuwa ga ɗiyata Zarah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mahaifinki Yaya Zuberu da kowa na gida. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar matata Murja ta yi sauƙi, 'yarmu Amal kuma ta gama jarrabawa, tana nan tana jin Hausa sarai, tana amsa mana da Turanci kamar mai karɓar haraji.

Na ga zanen da kika aiko na unguwar Turawa da za ki tsara a sabon wurin shaƙatawar nan, na kuma ji cewa ranar Litinin za ki kai wa Alhaji mai wurin, kuma daga nan ne zai yanke ko ke zai bai wa aikin. Na yi murna ƙwarai, aikinki na fari ke nan tun da kika gama karatun zanen gine-gine. Shekara ashirin da biyu ina garin nan, amma ban taɓa ganin Landan mai tsabta irin taki ba. Ba tattabaru, ba wasiƙar council ta neman haraji, ba mai tura ka a tube, jirginmu na ƙarƙashin ƙasa.

Kin tambaye ni asalin irin wannan unguwa. Abin da na karanta shi ne, masu wuraren wasa a Amurka ne suka shahara da ita. Sai su ɗauko gidan ƙarni kaza su jingina da na ƙarni kaza a layi ɗaya, shekara ɗari huɗu cikin taku hamsin. Daga wurinsu kika samo gidan nan mai rufin ciyawa. Ki nuna wa kakarki Amamata, za ta ce da ƙyar muka tsere wa jinka muka samu kwano, yanzu kuma sai mun sayi tikiti mu kalle ta. A nan kuwa sai mai hali ke kwana a ƙarƙashinta.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Bature yana gini ne don ya kama rana, mu muna gini don mu guje mata. Shi ya sa yake son gilashi, da bencin da ke tsakiyar fili, da baƙin rufi. Ke kuma kin kwafo duka da aminci, har da jajayen akwatunan tarho guda shida inda yara za su shiga ɗaukar hoto. Ranar Asabar da aka yi rana, na nemo ɗaya na shiga na ja ƙofa, Murja tana waje riƙe da agogo. Zafin ranar bai kai digiri talatin ba. Minti huɗu na yi na fito jiƙe sharkaf, wata tsohuwa tana tambayar Murja ko a kira mini ambulance. Murja ta ce mata a'a, bincike nake yi. To ki auna wannan akwati na ƙarfe da gilashi a Kano cikin watan Afrilu, da ɗan wani a ciki.

Mahaifinki ya ce mini kin lura da haka tuntuni, amma kina jin nauyin faɗa, don Alhaji ya ce shi dai a yi masa ita sak yadda ya gani a hoto. Zarah, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki cire ƙofofin akwatunan, ki sa su a inuwa. Ki dasa darbejiya a bayan kowane benci, ki ja rumfa a gaban shagunan, ki bar wurin alwala kusa. Ki gaya masa ranar Litinin, da ladabi, tun ba a haƙa tushe ba. Idan ya musa, ki ce baffanki ya shiga da kansa, kuma yana da shaida. In ya ba wani aikin saboda wannan, zan ji zafi tare da ke, amma gara haka da a riƙa nuna tanderu ana cewa 'yar Zuberu ce ta zana.

Ki gaishe da Hajiya Amamata, da gwaggonki Damata, da ƙanenki Abdul-Salam. Murja da Amal suna gaisuwa. Za mu tashi da azumin nafila ranar Litinin saboda ke. Allah Ya buɗe bakinki, Ya kuma buɗe kunnen Alhaji.

Baffanki mai alfahari da ke,
Abdulhadi