Layukan da Nake Tsallakewa

Azare, ranar Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga yayana, Hamma Jabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka duka. Allah Ya tsare ku a sansaninku, Ya kau da idon mugu daga kanku, Ya dawo mana da kai da ƙafarka, amin. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har gidan Goggo Jumai tana zuwa ba sanda. Baba yana Disina wajen yankan gero tun ranar Asabar, kuma akuyarka mai guntun kunne ta haifi biyu.

Bayan haka, Hamma, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba. Da a gabanka nake ba zan iya buɗe baki ba, ka san hali na, sai dai takarda ba ta da ido. Ka san tunda babu waya a inda kuke, duk wasiƙar da ka aiko ni nake karanta wa Inna, saboda ita ba ta yi boko ba. To, wasiƙu uku ke nan ba na karanta mata duka. Ina karanta inda ka ce kuna kwana a tanti, kuna cika buhuna da yashi kuna jerawa, da yadda kuke bin layi da bokiti idan tankar ruwa ta zo. Ina karanta mata labarin waken da kuke ci mai tsakuwa, wanda ka ce ya kusa raba sajan ɗinku da haƙori, ta yi dariya har da hawaye. Amma da na iso inda ka ambaci Kezia, sai in ɗauke idona in sauka ƙasa.

Farko ban ji komai ba da ka ce akwai wata mata, Maman Roda, mai soya ƙosai a bakin sansani, da 'yarta Kezia wadda aka rufe makarantar garinsu suka gudo. Har tausayinta na ji. Sai a wasiƙa ta biyu ka ce idan ka sauko daga gadi kana zama a kan benci kana koya mata raba lamba, kana zana mata da tsinke a ƙasa. Hamma, haka kake koya mini a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Ka ce kanta yana ja, sau ɗaya ake nuna mata. Ni kuwa na tuna sai ka nuna mini sau huɗu. Sannan ka rubuta cewa kana kiranta Malama Ƙarama. Wannan sunana ne. Kai ka sa mini shi ranar da na fara karanta allon asibiti da kaina, kuma duk gidan nan ba mai kirana da shi sai kai. Tun da ka tafi ban sake jin sa ba, sai na gan shi a takardarka a jikin wata.

Na san ba daidai ba ne. Yarinyar ba ta yi mini komai ba, ko fuskarta ban sani ba. Amma kullum sai in riƙa ƙirƙiro ta. Wani lokaci in ga ta fi ni tsawo, wani lokaci in ga tana magana da mutane ba ta sunkuyar da kai. Ita tana ganinka kowace safiya da kakinka, ta san ko ka rame, ta san yadda muryarka take yanzu. Ni da muke ciki ɗaya sai in jira wata biyu kafin in ga rubutunka, in na samu kuma rabinsa labarinta ne. Ranar da na ci tara bisa goma a lissafi, ina dawowa gida abin da ya fara zo mini shi ne, da Kezia ce da goma ta ci.

A wasiƙarka ta ƙarshe ka roƙi Inna ta sa in tattara littattafaina na aji shida a aiko wa Kezia, tunda ni na shiga sakandare, ita kuma za ta zauna jarrabawar bana ba ta da ko ɗaya. Wannan ma ban karanta ba. Na je na kwashe su daga kan taga na tura ƙasan akwatina, na danne da zannuwa. Kai ka saya mini su a kasuwar Azare kafin ka tafi, kai ka rubuta sunana a shafin farko na kowanne da jan biro. Inna ta karɓi takardar ta jujjuya, ta ce ita dai tana mamaki, rubutu gaba da baya amma magana ba ta kai a sha ruwa ba. Na ce mata rubutunka ne manya. Ta ninke ta sa a cikin kwallarta. Ido ba mudu ba, amma ya san kima.

Jiya Kofur Gideon, abokinka da yake kawo mana wasiƙunka, ya zo sallama, ya ce hutunsa ya ƙare, ranar Alhamis, wato gobe, zai biyo ya karɓi saƙo ya koma. Inna ta shiga ɗaki haɗa yajin da ta daka maka da ƙuli-ƙuli a jaka, aka bar ni da shi a zaure. Ya tambaye ni ko littattafan sun haɗu. Na sunkuyar da kai ina kallon takalminsa. Sai ya yi dariya, ya ce lallai ni ce Malama Babba, don ka gaya musu ba na magana sai a takarda. Ya ce wasiƙuna suna cikin leda a aljihun ƙirjinka, ko sintiri za ku fita da su kake tafiya. Ya ce su kake ba Kezia ta kwafa don hannunta ya gyaru, kuma kullum tana tambaya ko Khaulat ta aiko da sabuwa. Ya ce a kan kwalin suga take rubutu idan takarda ta ƙare.

Hamma, gaskiya zan faɗa maka, ban san ko daɗi na ji ko haushi ba. Na ji daɗin aljihun. Amma ashe har wasiƙun da nake rubuta maka kai kaɗai, ina gogewa ina sakewa, ita ma tana karantawa. Kuma ban san yaushe na zama Babba ba, ba wanda ya tambaye ni. Maganar kwalin sugan ce dai ta ƙi barina. Da safen nan ina shara ina tuna ta, ina wanke-wanke ina tuna ta. Idan Kofur ya tafi gobe hannu wofi, sai bayan wata biyu wani zai zo, lokacin an gama jarrabawa.

Ka gaida Maman Roda. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙe addu'ar fita, kada ka bar yajin a buɗe. Goggo Jumai da Baffa Hammadu na Itas suna gaisuwa, haka Naziru, ya ce kekenka yana nan yana kula da shi.

Littattafan suna ƙasan jakar yaji, guda biyar, na naɗe su a leda don kada mai ya taɓa su. Ban gaya wa Inna ba tukuna. Idan Kofur ya tafi zan ɗauko wasiƙun nan uku daga kwalla in karanta mata su daga farko har ƙarshe, abin da za ta ce ta ce. Ban goge sunana ba. Yana nan a sama da jan bironka, na rubuta nata a ƙasa da hannuna. Sauran wasiƙun ta ci gaba da kwafa, amma wannan kam, don Allah, kada ka nuna mata.

Ƙanwarka ta gida,
Khaulat, Malama Ƙarama ta farko.