Wanda Zai Fara Dangwala Yatsa

Daren Talata, watan Safar, unguwar Ka'akiyya, Makka.

Bayan la'asar mun taru a gidan maƙwabcina Abu Salihu kan takardar koken da za mu kai wa hukuma, a ba jikokinmu haifaffun Makka iƙama, wato izinin zama, su shiga makaranta kamar 'ya'yan kowa. Da aka zo dangwala yatsa sai hannaye suka shige aljihu, ba mai son sunansa a sama.

"Ya Ammi, baffanmu, ai babba ke farawa," in ji Abu Salihu, yana kallona.

Ikon Allah. Wajen cin shinkafar kabsa ba sa tuna girmana.

Na tuna Inna, wadda aka 'yanta daga bauta a garin nan, ta rasu ba takarda. Na dangwala.

Tawadar ta ƙi fita da alwala. Jikata Maryama ta ce in bar ta.