Bindiga Mai Baki Biyu a Madinat Nasr

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa Maharbi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan rahamar Ubangiji ta lulluɓe makwancinka. Jikokinka suna nan lafiya. Sun ishe ni da tambaya ko da gaske ne ka taɓa zuwa Masar, ni kuma duk lokacin da na fara ba su labarin sai in tsallake wani wuri. Yau na ce bari in rubuto maka shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa.

Ka zo Alƙahira a farkon shekarun tamanin, ina aji uku a jami'a, muna haya mu huɗu Hausawa a wani bene a unguwar Abbasiya. Ido ne ya kawo ka. Na daman ya daɗe yana yi maka hayaƙi-hayaƙi, kuma da shi kake saiti tun kafin a haife ni. Ka sauko daga jirgi da jaka guda da wani dogon kube na fata da ka sa baduku ya ɗinka maka, babu komai a cikinsa. Na tambaye ka na mene ne. Ka ce, "Na amarya ne, a nan zan ɗauko ta."

Amaryar kuwa na san ta. Tun muna yara muke shan labarin bindiga mai baki biyu da ka taɓa hangowa a hannun wani Balarabe da ya zo harbin agwagwa a fadamar garinmu. Ba ka taɓa ta ba, hange kawai ka yi, amma ka fi shekara talatin kana siffanta ta kamar kai ka ƙera. Taka ta gida ƙirar maƙera ce, ɗurin baki, a zuba albarushi a danna, a harba sau ɗaya a koma ɗuri. Inna tana cewa kafin ka gama ɗura ta zabin sun kai wani gari.

An yi maka aiki, aka cire bandeji, hayaƙin yana nan. Ni ne tafintanka. Likitan ya zaunar da ni ya yi bayani mai tsawo da Larabci, har da zane a takarda. Abin da ya ce shi ne jijiyar idon daman ta riga ta lalace, khalas, ba za ta dawo ba, amma na hagu zai tsira in aka riƙe magani. Kana zaune a bakin gado kana kallon bakina. Na juyo na ce maka, "Ya ce a hankali zai washe." Ka ce alhamdulillahi. Wallahi Baba, tsoro ne ya kama ni. Ban san yadda ake gaya wa maharbi idon saitinsa ya tafi ba, kuma ba a koya mana wannan a aji ba.

Sati uku muka yi a haka. Kullum da safe ka rufe idon hagu da tafin hannu, ka leƙa ta taga kana neman hasumiyar masallacin unguwa, ka ce yau kamar da ɗan dama. Ni kuma in ce madalla, in gudu in dafa shayi. Abokan zamana suka saba da kai, suna kawo maka ful, dafaffen waken nan nasu na Masar, da burodi, kai kana tsokanarsu cewa mutanen da ke karyawa da wake kullum ba za su iya bin sawun gada ba. Larabcinka duka kalma ɗaya ce, ma'alish, wato a yi haƙuri, kuma kana jefa ta ko'ina, har ga mai gaishe ka.

Ɗaya daga cikinsu ne ya yi suɓutar baki ya ce ana baje kolin kayayyaki a unguwar Madinat Nasr, har da rumfar bindigogin farauta. Na harare shi, amma ka riga ka ji. Washegari tun kafin in idar da azkar ka sa babbar rigarka, ka rataya kuben nan a kafaɗa. Na san sarai ba za a sayar wa baƙo bindiga babu takardun izini ba, balle a bar shi ya hau jirgi da ita. Wannan ma ban faɗa maka ba. Haka na ɗauko ƙarya biyu muka shiga bas, kana ta ba mutane haƙuri da ma'alish saboda kuben yana zungurinsu.

Ni ma ban taɓa shiga irin wurin ba. Bindigogi jere a bango, wasu a cikin akwatin gilashi kan jan ƙyalle, ƙamshin mai da sabon katako ya cika rumfar. Ka tsaya a bakin ƙofa, ka cire takalmi. Na ce maka ba masallaci ba ne. Ka ce ka sani, amma ba ka taɓa shiga ɗakin da aka tara manya haka ba.

Mai rumfar wani ƙaton Bamisire ne mai gashin baki. Ya ce, "Itfaddal ya Hajj," wato bismilla Alhaji, ya sauko maka da mai baki biyu. Kafin ya miƙo sai ya danna wani ƙarfe, bindiga ta buɗe biyu. Ka dafe ƙirji ka ce, "Innalillahi! Habibu, ya karya ta tun ban taya ba!" Da na bayyana maka ta nan ake sa harsashi, sai ka leƙa ramukan biyu ka girgiza kai, ka ce ashe masu kuɗi ba su san wahalar ɗuri ba.

Daga nan ka shiga duba ta yadda kuke yi a kasuwar maƙera. Ka sunsuna bakin. Ka ƙwanƙwasa ƙarfen da zobenka ka kai kunne. Ka ɗora ta a kan yatsa biyu ka ga inda nauyinta ya kwanta. Ka lashi babban yatsa ka goge ɗan ƙarfen saitin da ke kan baki. Bamisiren ya daina murmushin 'yan kasuwa, ya dube ni ya ce wannan tsohon ya san abin da yake yi. Na ji daɗi har cikin raina, Baba, ban taɓa gaya maka ba.

Sai ka kai ta kafaɗar dama, ka rufe idon hagu, ka ɗaga baki sama wajen wata fitila da ke rataye a ƙarshen rumfar. Mutane suka dare, wata mata ta janye ɗanta. Kai ko a jikinka. Ka daɗe a haka, bakin bindigar yana ɗan yawo yana neman fitilar da kowa yake gani. Ni da na taso ina ganin ka ɗaga ka sauke a numfashi guda, na kasa kallo, na sunkuyar da kai.

Ka sauke ta a hankali. Ba ka dube ni ba ka ce, "Habibu, likitan nan ya yi magana har ya sha ruwa ya ci gaba, kai kuma ka ba ni 'yar guntuwa. Ina sauran?"

A nan na faɗa maka, a tsakiyar mutane, da Hausar da babu mai jin ta sai mu biyu. Na faɗi jijiyar, na faɗi zanen, na faɗi khalas ɗin. Ka saurara har na gama, kana shafa katakon gindin bindigar. Sannan ka ce, "Akwai wata da ka ɓoye?" Na ce akwai, ko da idon lafiya lau ne ba za su sayar mana ba, sai da takardu. Sai ka fashe da dariya har rawaninka ya karkace. Bamisiren bai san me ake ciki ba, shi ma ya kama dariya.

Ina jiran faɗa, ban samu ba. Sai gani na yi ka juya bindigar ka kai ta kafaɗar hagu, ka rufe idon dama. Hannunka ya rasa inda zai kama, gwiwar hannu ta yi waje kamar ta sabon shiga, kai da ka koya wa rabin maharban garinmu riƙo. Amma bakin ya tsaya cak a kan fitilar. Ka ce, "Ga ta nan." Ka mayar wa mutumin kayansa da hannu biyu, ka ce masa ma'alish, kuma ranar ce kaɗai ka faɗe ta a inda ta dace.

A bas ɗin komawa na ce ka yafe mini. Ka ce, "Na yafe. Amma da ka faɗa tun ran nan, da yanzu na yi sati uku ina koyon hagu. Tausayinka ya ci mini sati uku, ni kuma ba yaro ba ne da zan riƙa zubar da su." Ba ka ƙara tayar da maganar ba har ka koma gida. Ni kuwa har yau in na tashi sassauta wa wani gaskiya sai in ji ta a kunnena.

Bayan kusan shekara, wani ɗalibi ɗan yankinmu ya dawo daga hutu ya kawo mini ƙunshi a tsohuwar jarida. Busasshen naman zabo ne, guda biyu, ya sha yaji. Na tambaye shi ko akwai wasiƙa. Ya ce babu, saƙon baki ne, kuma ka sa shi ya maimaita sau uku don kada ya rage komai a hanya: "Ka ce masa da hagu ne, kuma sai a harbi na tara, kada ya ce wa mutane na farko." Na zauna a kan matakalar benen na ci ina kuka, abokaina suna tsammanin yajin ne.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya mayar maka da ganinka duka biyun, Ya sa ka ga abin da ya fi duk wanda ka taɓa hange a duniya. Ya haɗa mu a inda ba a bukatar tafinta.

Ɗanka mai kewarka,
Habibu