Lambar da Ta Rabu da Arba'in da Bakwai

9 ga Yuni

Zuwa ga Farfesa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikoki. Yaya gwiwar da ke damunka? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya.

Katin bikin ritayarka ya iso, da 'yar takardar da ka saka a ciki, inda ka ce za ka ba da labarin "lambarmu" a jawabinka. Shekara arba'in da uku ina jiran ka ambace ta, amma ban san yaushe ta zama tamu ba.

Bari in tuna maka. 8,388,607. Malamin lissafi ya rubuta ta a allo, ya ce in aka jera biyu guda ashirin da uku aka ninka su, aka cire ɗaya, ita ake samu. Ya ce tunda 23 ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta, wannan ma haka take, kamar yadda 3 da 5 da 7 suka ba da 7 da 31 da 127. Kowa ya kwafa, ban da ni. Mara ce, biyu ba ta shiga. Lambobinta sun tashi arba'in, uku ba ta shiga. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya a bayan littafin tarihi, a bencinmu na uku kusa da fasasshiyar taga, har na kai 47. Ta shiga cif, sau 178,481, babu saura. Da birona ka sake ninkawa, ka ce, "Dogo, wallahi ka kama shi!"

Wautata ita ce na ɗaga hannu ranar da mai duba makarantu ya zo, na ce lambar tana rabuwa da 47. Na ɗauka malam zai yi alfahari da ni. Sai malam ya juyo ya tambaye ka ko ka ga aikin. Ka dubi takalminka, ka ce ba ka gani ba. Ko alli ba a miƙo mini ba. Gurbin jami'a ɗaya aka ba makarantarmu, kuma malam ke rubuta takardar shaida. A tawa ya sa "mai taurin kai da son nuna sani".

Tun daga nan gilashin taga nake yankawa. Ban taɓa kuskuren awo ba, in hakan zai faranta maka.

Ba zan zo ba. In za ka ba da labarin, ka haɗa da takalmin.

Ka gaida mutanen gida. Allah Ya sa a yi taro lafiya.

Abokin bencinka,
Dogo

Ƙari: Jikata ta duba a waya, ko ƙifta ido ban yi ba 47 ta fito. Lissafina daidai ne. Gurbi ɗaya na rasa, kai ka shiga.