Tuwon Balkisa Marar Gishiri

Zuwa gare ka maigidana, gawona mai inuwa da rani, ruwan hwarin damina bisa duwatsun Adar, baban Sadiƙu, wanda bakina bai taɓa kiran sunanshi ba ko ni ɗaya ce cikin ɗaki.

Mariama maƙwabciyarmu ke rubuta min. Matan gida na zaune suna dariya, na ce su yi ta yi, kada dai a gyara min magana.

Tun ranar da ƙirjinka ya riƙe ka a hanyar masallaci, Sadiƙu ya ɗauke ka zuwa gidanshi a birnin Tawa, garinmu Affala ta zame min rijiyar da ta ƙahe. Na ji abin da anka ce a likita: tansiyon ya hau, wato hawan jini, zuciya ta gaji, sai ka bar gishiri, ka bar mai, ka bar taba, ka sha ƙwaya kullum, ka yi ta tahiya da ƙahwa. To, na ji. Amma wa ya hwaɗa maka? Wata yarinya mai hwarar riga, wadda ba ta kai autarmu ba. Ita ke naɗe maka hannun riga, ta ɗaura maka abin awo a damtse, ta sa igiya a kunne tana sauraren zuciyarka. Zuciyar da na san bugunta tun ba a haihi uwar yarinyar ba! Tun ina da haƙorana duka nike roƙonka ka bar tabar nan ta baki, kana ce min maganar mata. Ita sau ɗaya ta buɗe baki, ka jehwar da batta. Da mi ta hi ni, in ba takarda ba?

Ka tuna shekarar da ka dawo daga Abijan, ka rame kamar karan dawa bayan girbi, wuya duk jijiya? Na saida akuyata na sayo man shanu, ina kwarara maka bisa tuwon hatsi har ya yi tabki a tsakiya, kana ci kana dubana ta ƙasan ido. Kahin kaka rigarka ta matse ka, mata a bakin rijiya na cewa Kaltumi ta iya riƙon miji. Tumbin nan naka ni na gina shi, loma bisa loma, shi ne adona cikin mata. Yau an ce shi ne cutar. Ashe hannun da ke son mutum na iya... A'a, bakina ba ya ƙarasa ta. Na ce Mariama ta bar wurin hakanan a takardar.

Na aika maka kwalbar man shanu da kilishi ta hannun direba, Balkisa matar Sadiƙu ta maido min su ba a ko buɗe ba, wai da gaisuwa. An ce tuwonta ba gishiri, ba magi, miya kamar ruwan wankin ƙwarya, kuma kana cinyewa tas har ka sa mata albarka. Ni akushinka na nan kihe bisa tukunya, kullum sai na goge shi. Direban ya ƙara da cewa kumburin ƙahwarka ya sauka, kana zuwa kasuwa ka dawo ba ka jingina da bangon kowa ba. Na yi hamdala a gabanshi, na shiga ɗaki na yi kuka, har yau ban san na mi ne ba.

Ni ban sani ba ko ƙwaya da tuwon lami na tsare zuciya, kwana na hannun Allah. Amma sa'anka Isma'ila mai shayi, da ya rantse ba likitan da ke raba shi da tsire, jiya munka kai wa matarshi gaisuwar rasuwarshi.

Don haka ka ji ni, zumana, raɓar sahiyata. Sha ƙwayar ko ka ji sauƙi. Ci na Balkisa, ka ƙara. Miƙa wa yarinyar hannunka, amma hannun kaɗai, ido na ƙasa. Ni kuwa na rabar da gishirina ga maƙwabta, ina tuƙa lami ina ci ni ɗaya ina yamutsa huska, sai na iya shi, don ranar da ka dawo kada ka ce na wata ya hi nawa. Gara kishi ya yi ta cina kana da rai, da in zauna takaba ba ni da wanda zan yi wa kishi.

Taka ce ni, da tumbi ko ba tumbi, har a sa mu cikin ƙasa, kuma ina roƙon Allah ni ce gaba.

Kaltumi